Tsarkin Ruwa Da Tsabtar Randa

 

Garin Kalmalo, wanda ke kusa da Illela a kan iyakar Nijeriya da Nijar, yana cikin zangunan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ratsa sa'ad da ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. An kuma san garin da tafkinsa, inda masunta da masu lambu da makiyaya ke neman abinci. Duk garin da ke zaune a bakin ruwa kwantacce irin wannan, akwai wata mas'ala da ta kamata mutanensa su sani.

Littattafan fiƙihu da ake karantawa a zaure, kamar Ishmawi da Risala, sun bayyana cewa ana alwala da ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai sāke da wani abu ba. Wannan hukuncin ibada ne, ba shaidar likita ba. Ruwa yakan zama garau, alwala ta inganta da shi, amma yana ɗauke da cuta wadda ido ba ya gani. Mutane da yawa sukan haɗa abin biyu, su ce ai ruwa mai tsarki ba ya cutarwa. Malamai ba su faɗi haka ba.

Ga misalin tsargiya. A 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsarta a Alƙahira. Ƙwan tsutsar yana fita ne cikin fitsarin mai ciwon. In ya faɗa cikin tafki sai ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin wata 'yar katantanwa, ya hayayyafa, sa'an nan ya fito ya huda fatar yaron da ke wanka ko matar da ke wanki. To, hadisin Abu Huraira, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya hana yin fitsari cikin ruwan da ba ya gudana. Da za a kiyaye wannan hani, da hanyar cutar ta yanke. Abin baƙin ciki, har yanzu akwai masu ɗaukar fitsarin jini ga yaro alamar balaga, alhali kuwa ciwo ne mai lalata mafitsara, kuma akwai maganinsa a asibiti.

Amma mafi yawan ɓarna a cikin gida ake yinta. Sau da yawa ruwa kan fito rijiya da kyaunsa, sai a randa ya lalace: an bar ta a buɗe, moɗa tana yashe a ƙasa, yaro ya fito bayan gida ya ɗauka ya tsoma har da yatsunsa. Ta haka gudawa da kwalara ke zaga gida ɗaki-ɗaki. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umurci wanda ya tashi daga barci ya wanke hannunsa kafin ya sa shi cikin ƙwarya, ya kuma yi umurni a rufe ƙore da dare.

Binciken likitoci ya auna amfanin haka. A birnin Karaci na Pakistan an raba wa gidaje sabulu, ana binsu mako-mako ana koya musu wanke hannu. Sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna gudawa ta ragu da fiye da rabi ga yara, ciwon huhu kuma ya ragu da rabi ga waɗanda ba su kai shekara biyar ba. Sabulun wanka na kasuwa kuwa ya yi aiki daidai da mai magani.

Sai mai karatu ya lura, alwala ba ta ɗauke wa hannu bukatar sabulu bayan tsarki da kafin cin abinci, musamman a gidan da ake haɗa hannu a akushi guda. Randa kuma a wanke ta kafin a ƙara sabon ruwa, a yi mata faifai, a rataye moɗa mai dogon mariƙi. Wanda ba shi da ruwa sai na tafki, ya tafasa na sha. Na wanka kuwa ya ajiye shi kwana biyu, domin 'ya'yan tsutsar tsargiya ba su wuce haka da rai in ba su sami jikin mutum ba.