Shin Shawarar Zaɓen Sana'a Ta 'Yan Makaranta Ce Kaɗai?

Wani mai sauraro daga Gusau, magidanci da aikinsa ya tsaya, yana tambaya ko akwai inda babba zai je a ba shi shawarar sana'ar da ta dace da shi.

Akwai, sai dai ba ta wadata ba. A Najeriya harkar ta faro ne a 1959 a makarantar St. Theresa da ke Ibadan, inda aka gayyato ma'aikata su yi wa ɗalibai mata bayanin ayyukansu. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi masu ba da shawara a makarantu, amma har yau sakandare da yawa ba su da ko ɗaya, balle a tuna da magidanci.

Ingila kuwa ta buɗe hukumar shawarar sana'a a 2012, wadda manya ke tuntuɓa kyauta ta waya ko intanet.

A gida, hukumar samar da ayyukan yi ta NDE tana da ofishi a kowace jiha, tana kuma haɗa masu neman sana'a da ƙwararrun da za su koyar da su. Malam, fara daga ofishinta na Gusau, Allah ya ba da sa'a.