Kafin Ki Ƙara Wani Fulogin a Shafinki

Wata 'yar'uwa daga Zariya ta aiko da tambaya. Tana da shafin girke-girke da ta gina a kan WordPress, inda take koya wa mata miyar taushe, dambun nama, alkaki da sauransu. Ta ce ta ɗora fulogin sama da ashirin, duk wanda aka ce mata yana jawo jama'a sai ta saka, amma masu karatu ba su ƙaru ba, waɗanda suka leƙo ma ba sa daɗewa. Tana so ta san wanne za ta ƙara.

Malama, kada ki ƙara ko ɗaya tukuna. Ragewa za ki fara yi.

Fulogin ƙaramar manhaja ce da ake jonawa a shafi don ta yi wani aiki na musamman. WordPress, wanda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, yana da dubun-dubatar irinsu kyauta, kuma wannan yalwar ce ke ruɗar mai sabon shafi. Da yawansu kowanne yana zuwa da nasa kayan da dole wayar mai karatu ta sauke kafin rubutu ya bayyana. To wace ce mai karatun naki? Mace ce a Gusau ko Maraɗi, riƙe da wayar Android mai sauƙin kuɗi, da datar da ta saya ta kwana ɗaya, ga sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, kowa yana lissafin datarsa. Idan ta danna shafinki ta ga fari fat yana ta juyawa, fita za ta yi, kuma da wuya ta dawo.

Saboda haka aikin farko shi ne awo. Ki buɗe PageSpeed Insights na Google, ki saka adireshin shafinki, ki duba sakamakon waya, ba na kwamfuta ba. Sai ki ajiye kwafin shafin gaba ɗaya, misali da UpdraftPlus, sannan ki riƙa kashe fulogin ɗaya bayan ɗaya kina sake aunawa. Duk wanda ba ki iya faɗin aikinsa cikin jimla ɗaya ba, ki goge shi. A shafin girki hotuna ne suka fi komai nauyi, don haka ki bar fulogin guda mai matse hoto, kamar ShortPixel ko Smush, da guda mai ajiye kwafin shafi don ya riƙa buɗewa da sauri, kamar WP Super Cache. Guda fa, domin biyu masu aiki iri ɗaya karo suke yi da juna.

Yanzu ga inda na fi so ki ba da hankali. A wajenmu rubutu ta WhatsApp da Facebook ya fi yaɗuwa, daga zauren 'yan'uwa zuwa na ƙawayen makaranta. Idan aka tura linki, abin da ke sa mutum ya danna shi ne ɗan hoton nan da take da ke fitowa a ƙarƙashinsa. Wannan yana zuwa ne daga wani tsari mai suna Open Graph da Facebook ya fito da shi a 2010, kuma fulogin irin su Yoast SEO ko Rank Math suna ba ki damar zaɓar hoton da taken da kanki. Ki zaɓi ɗaya daga cikinsu. Ki yi hoton 1200 a faɗi, 630 a tsayi, ki matse shi sosai, don hoto mai nauyi sau da yawa ba ya fitowa a WhatsApp. Kafin ki yaɗa kowane rubutu, ki fara tura wa kanki linkin ki ga yadda ya fito. Sannan ki saka maɓallin turawa a ƙarshen girkin, AddToAny ya isa, ki bar WhatsApp da Facebook da Telegram kawai.

Akwai abu biyu da suka shafi Hausa kai tsaye, waɗanda masu koyar da wannan harka da Turanci ba za su gaya miki ba. Na farko, Yoast yana nuna fitila koriya ko ja a kan sauƙin karanta rubutu, amma ma'aunin nasa bai san nahawun Hausa ba. Na sha ganin marubuta suna lalata jimla mai kyau don neman kore, abin yana ba ni takaici. Ki rubuta Hausarki yadda take. Na biyu, haruffan nan masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ. A take da cikin rubutu ki saka su, haƙƙin harshen ne. Amma a adireshin rubutun ki mayar da su k da d da b, domin idan aka kwafa sukan rikiɗe su zama jerin lambobi da alamomi, linkin ya yi tsawo ya yi kama da na 'yan damfara, mutane su ji tsoron dannawa.

Batun riƙe mai karatu kuwa, ki guji akwatin da ke faɗowa ya rufe fuskar waya tun mutum bai karanta layi ɗaya ba. Abin da ya fi amfani shi ne a ƙarshen miyar taushe ta ga tuwon shinkafa da funkaso suna jiranta, sai kuma gayyata zuwa tasharki ta WhatsApp, tsarin da aka buɗe a 2023, inda za ki riƙa sanar da sabon girki ba tare da mabiya sun ga lambobin juna ba.

Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci: akwai masu raba fulogin na kuɗi a kyauta a zaurukan Telegram. Araha ba ta ado. Irin waɗannan sau da yawa an cusa musu muguwar manhaja da ke buɗe wa ɓarayi ƙofa, ko ta riƙa kai masu karatunki shafukan caca. Ki ɗauko daga rumbun WordPress na asali, ki duba yaushe aka sabunta shi na ƙarshe, ki kuma riƙa sabunta waɗanda kika bari.

A ƙarshe ki saka Site Kit na Google don ki ga daga ina mutane ke zuwa da girkin da suka fi buɗewa. Ki yi wata guda a haka, kina fitar da girki a rana tsayayya kowane mako, sannan ki sake rubuto mana da abin da kika gani. Allah ya sa albarka a sana'ar.