Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Yadda Ake Hayar Ƙarfin Kwamfuta a Gajimare Ba Tare da Asara Ba

Wannan shawara ta matasan Zuru ce masu cin abinci da gina shafukan intanet, da duk wanda aka damƙa wa kula da kwamfutocin wata makaranta, ko ƙungiyar manoma, ko shagon magani. Tun da aka kafa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a garin a 2020, cike-ciken intanet ya ƙaru, masu neman a yi musu shafi ma sun ƙaru. Koke biyu ne suka fi yawa a bakin masu wannan sana'a. Wani shafinsa yana tafiya lafiya lau duk zango, sai ranar fitar da sakamako ya cije, iyaye su yi ta buga waya. Wani kuma shafinsa bai taɓa cijewa ba, amma kuɗin haya na wata-wata ya cinye ribar aikin gaba ɗaya. Tushen matsalolin nan ɗaya ne: rashin sanin yadda ake raba ƙarfin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, tsakanin masu haya.

Batun kuɗin ba ƙarami ba ne. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Akasarin manyan kamfanonin gajimare, wato masu ba da hayar kwamfuta ta intanet, da dala suke lissafi. Ko da kamfanin Amazon ya fara karɓar naira a Janairun 2025, farashin nasa a kan dala yake tsaye. Don haka duk ƙarfin da ka kama haya ba ka yi aiki da shi ba, kuɗi ne ka zubar.

Abin da kake haya a zahiri

Idan ka biya kuɗin abin da masu sana'a ke kira VPS, ba a ware maka na'ura sukutum ba. A wata babbar cibiya, a Legas ko Cape Town ko Jamus, akwai babbar kwamfuta guda, wato uwar garke, mai furosesa mai rassa da yawa. Wata manhaja, irin su KVM ko VMware ko Hyper-V, ita ke yanka wannan na'ura ta fitar da ƙananan kwamfutocin haya, ta ba kowace rabonta. Rabon furosesa ana ƙidaya shi da vCPU. A yawancin na'urorin Intel da AMD kowane reshe yana ɗaukar layin aiki biyu, kuma layi ɗaya ne ake sayar maka a matsayin vCPU ɗaya. Ke nan vCPU 2 sau da yawa reshe guda ne kawai.

Kamfanoni sun san ba kowa ke aiki a lokaci ɗaya ba, shi ya sa a rukuni mai araha suke sayar da vCPU fiye da abin da na'urar ke da shi. Duk manomin ƙasar Zuru ya san yadda taraktar haya take. Da rani kowa ya nema zai samu nan take. Ranar da ruwan shuka ya sauka kuwa, kowa huɗa yake so a rana ɗaya, dole a bi layi. Haka furosesan da aka raba yake: yana wadatar kowa har sai an taru a kansa. Wanda ba ya son layi sai ya sayi rukunin da aka keɓe masa shi kaɗai, ya biya ninki. DigitalOcean da Hetzner duk sun bambanta rukunin haɗaka da na keɓe a jerin farashinsu. A irin wannan rukuni mai araha, Google yana da e2-micro, wanda rabonsa na dindindin rubu'in vCPU ne. Microsoft yana da jerin B, Amazon kuma jerin T.

Shawarata a taƙaice ita ce: yawancin ayyukanmu na nan rukunin haɗaka ya ishe su, domin aikin na lokaci-lokaci ne. Shafin makaranta yakan yi makonni ba kowa a kansa sai mutum biyu ko uku. Abin da ake bukata shi ne ka san iyakar abin da ka saya, ka kuma shirya wa ranar cunkoso tun kafin ta zo.

Auna kafin ka saya

Kada ka fara da babbar na'ura don tsoron abin da bai faru ba. Fara da vCPU 1 ko 2, ka bar shafin ya yi aiki na mako biyu zuwa wata guda, kana duba jadawalin da kamfanin ke nunawa. Abubuwa biyu za ka riƙa lura da su.

Na farko, yawan aikin furosesa. Idan a ranakun aiki bai cika haura kashi 20 cikin 100 ba, na'urar ta yi maka yawa, rage ta. Idan kullum yana kan kashi 70 ko fiye, lokacin ƙari ya yi.

Na biyu, lokacin da aka ƙwace maka. A kwamfutar Linux rubuta umarnin top, ka duba layin furosesa, a ƙarshensa za ka ga haruffan st da lamba a gabansu. Lambar nan tana nuna kason lokacin da kwamfutarka ta nemi furosesa aka ce ta jira, saboda wasu na kai. Sifili zuwa kashi 2 ba komai. Idan ta kai kashi 10 ta daɗe a haka, ba laifin manhajarka ba ne: ko maƙwabtanka a kan uwar garken sun yi nauyi, ko ka cinye rabonka. Sai ka rubuta wa kamfanin ka nemi a sauya maka na'ura, ko ka koma rukunin keɓe.

Ka kuma tabbata furosesan ne ya gaza. Sau da yawa ma'adanar wucin gadi, wato RAM, ita ce ta cika, ko kuma hotunan ɗalibai ne aka ɗora da girmansu yadda suka fito daga waya. Ƙarin vCPU ba ya maganin waɗannan.

Lissafin maki, inda aka fi yin asara

Jerin T na Amazon da maki yake aiki, kuma ya kamata duk mai amfani da shi ya iya lissafin da kansa. Maki ɗaya yana nufin vCPU ɗaya ya yi aiki da cikakken ƙarfinsa na minti ɗaya. Ɗauki t3.micro: tana da vCPU 2, rabonta na yau da kullum kashi 10 cikin 100 ne a kowane, tana samun maki 12 a awa, kuma ba ta tara fiye da 288, wato na kwana guda. Lokacin da shafin ke zaune shiru makin yana taruwa. Idan jama'a suka yi yawa, vCPU biyun suka tashi da ƙarfinsu duka, suna cin maki 120 a awa, ana mayar maka da 12. Raba 288 da 108, za ka ga ajiyar ba ta wuce awa 2 da minti 40 ba.

Abin da zai biyo baya ya danganta da zaɓin da ke kunne. Idan Standard ne, za a mayar da kai kan kashi 10, shafin ya koma rarrafe. Makarantar da ta saki sakamako da ƙarfe 8 na safe, kafin ƙarfe 11 ta shiga wannan hali. Idan kuma Unlimited ne, wanda shi ne T3 ke zuwa da shi a kunne, shafin zai ci gaba da gudu, amma idan aka daɗe a haka za a caje ka santi 5 na dala a kan kowace awa ta vCPU da ka ci fiye da rabonka, a na'urar Linux. Kwana ɗaya ko biyu ba wani abu ba ne, gara ma a biya. Haɗarin yana ga wanda wata manhaja ta maƙale masa tana cin furosesa dare da rana, ko ɓarayin intanet suka shigo ta tsohuwar manhajar WordPress da ba a sabunta ba, suka sa na'urar haƙar kuɗin kirifto. Na'urar da hayarta ba ta kai dala 8 a wata ba a cibiyar Amazon ta Virginia, sai lissafinta ya haura dala 70. Juya wannan zuwa naira, ka tuna nawa mai makarantar ya biya ka.

Rigakafin yana da sauƙi. Tun ranar farko saka ƙararrawar kasafi, wadda za ta aiko maka saƙo idan kashe kuɗi ya kai rabin abin da ka ware. Saka wata kuma a kan ragowar maki. Ka riƙa sabunta manhaja, ka rufe duk ƙofar da ba ka amfani da ita.

Shirya wa ranar cunkoso

Ranakun cunkoso sanannu ne: buɗe rajista, fitar da sakamako, rufe biyan kuɗin makaranta, rajistar manoma gab da damina. Zauna da mai aikin ku rubuta su a kalanda. Daren jajiberin ranar, ƙara girman na'urar. Yawanci sai an kashe ta an kunna, mintoci kaɗan ke nan. Bayan kwana biyu ko uku ka mayar da ita yadda take. Da yake lissafin na awa-awa ne, hayar babbar na'ura ta kwana uku ta fi ta shekara sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai ka kula: ƙara furosesa da RAM kawai. Idan ka ƙara girman faifan ajiya, ba ya raguwa kuma, ka ɗaure kanka da babban farashi ke nan.

Akwai dabarar da ba ta cin ko sisi. A saki sakamako aji-aji: 'yan aji ɗaya da safe, aji biyu da azahar, aji uku da la'asar. A rage girman hotuna kafin a ɗora. A kunna ajiyar shafuka, yadda shafin da mutum 500 za su buɗe za a haɗa shi sau ɗaya a riƙa miƙa wa kowa. Ayyuka masu nauyi, irin su kwafe bayanai da haɗa rahoto, a tura su tsakar dare.

Kashe abin da ba ya aiki

Mako yana da awa 168. Na'urar gwaji, ko ta ofis da ake amfani da ita daga 8 na safe zuwa 6 na yamma, Litinin zuwa Juma'a, awa 50 kawai take aiki. Sauran awa 118, kusan kashi 70 cikin 100, hayar banza ce. A Amazon da Google, idan ka tsayar da na'ura kuɗin furosesa yana tsayawa, na ajiya ne kawai ke ci gaba. T3 tana riƙe makinta har kwana 7 bayan an tsayar da ita, T2 kuwa nan take take rasa nata. A DigitalOcean da Hetzner kashewa ba ta hana caji, sai ka ɗauki kwafin na'urar ka goge ta gaba ɗaya. Karanta ƙa'idar kamfaninka kafin ka dogara da wannan hanya.

Idan uwar garken taka ce

Wasu makarantu da cibiyoyin kwamfuta sun gwammace su ajiye tasu na'urar a ɗaki, musamman saboda intanet na iya yankewa ana tsakiyar jarrabawa. Manhajar Proxmox kyauta ce, tana raba na'ura ɗaya gida-gida. A nan kai ne mai rabo, sai ka yi adalci da lissafi.

Kada ka ba kowace kwamfuta vCPU 8 don kawai na'urar tana da rassa 8. Yawan rabo na iya jawo jinkiri, domin manhajar sai ta yi ta neman gurbi ga kowane. Ba kowace 1 ko 2, ka ƙara idan awo ya nuna bukata. Ga ayyuka marasa nauyi, jimillar vCPU za ta iya ninka rassan sau 3 ko 4 ba tare da matsala ba. Ma'ajiyar bayanai da manhajar jarrabawa kuwa, a ba su nasu cikakke. Proxmox yana da ma'auni biyu: cpuunits yana nuna wa za a fifita idan an yi cunkoso, cpulimit kuma yana gindaya iyakar da ba za a ƙetare ba ko da na'urar tana zaune. Ɗaga na farkon ga manhajar jarrabawa, ka sa na biyun ga kwamfutocin ɗalibai masu koyo. RAM kuwa kada ka raba fiye da abin da ke akwai. Ƙarancin furosesa jinkiri kawai yake kawowa, ƙarewar RAM tana kashe manhaja ana cikin aiki. Sannan ka sa kuɗin mai, batir da sola a lissafi kafin ka ce ajiye na'ura a gida ya fi haya araha.

Idan kuma haya ka zaɓa, wajen zaɓen inda za ka yi ta kusanci yana da amfani. Amazon ya buɗe cibiya a Cape Town a 2020 da ƙaramin reshe a Legas a 2023, akwai kuma kamfanonin gida masu cibiyoyi a Legas da Abuja da ke lissafi da naira. Tambaye su kai tsaye ko vCPU ɗinsu na haɗaka ne ko na keɓe. Ka tuna kuma sunaye, hotuna da sakamakon ɗalibai amana ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsaronsu a kan mai riƙe da su.

Kira na ga masu makarantu da shugabannin ƙungiyoyi: duk ƙarshen wata ku nemi mai kula da shafinku ya nuna muku jadawalin aikin furosesa tare da takardar caji, ku dube su gefe da gefe. Kai kuma ɗan'uwa mai sana'a, buɗe na'urorinka yau ɗin nan ka auna su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yi yawa ka rage ta, wadda ba ta aiki ka kashe ta, ka kuma rubuta ranar cunkoso ta gaba a kalandarka.