Tara Jiki ko Sassaƙa Shi? Darasi ga Masu Ɗaga Ƙarfe

Tun da aka shigo wannan zangon karatu, kusan kullum da yamma sai wani ya tare ni a inda muke ɗaga ƙarfe bayan hostel ya ce, "Malam, ni bolkin ya kamata in yi ko kotin?" Na gaji da ba da amsa a tsaye, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Ga wanda bai san kalmomin ba: bolkin shi ne ka riƙa cin abinci fiye da abin da jikinka ke ƙonawa, don tsoka ta samu abin ginuwa. Kotin kuma ka ci ƙasa da abin da kake ƙonawa, don kitse ya zube tsokar ta fito fili. Ni dai tarawa da sassaƙawa nake kiran su, da su kuma zan ci gaba.

Ni ɗan Kongolam ne, can bakin iyaka da Nijar, gaba da Daura. Ƙarfena na farko gwangwanayen madara ne guda biyu da muka cika da siminti muka soka musu bututu a tsakiya. A garinmu na tashi ina ganin 'yan dako suna saɓa buhu mai kilo 50 kamar matashin kai, ba wanda ya taɓa jin kalmar kalori a cikinsu. Amma da na shigo makaranta na samu waya mai data, sai na koma almajirin wasu Turawa a YouTube masu ciki layi-layi. Suka ce a rage abinci, na rage. A lokacin nauyina kilo 57 ne, ga ni dogo. Na bar tuwon dare, na bar fura, safe shayi ba burodi. Mako na biyar jiri ya kwashe ni a wokshop, Allah Ya sa ba kusa da inji nake ba. Da na hau sikeli na ga 54, kuma ƙarfen da nake ɗagawa sau goma ya koma sau shida da ƙyar. Layin ciki ya ɗan fito, ba ƙarya, amma haƙarƙari ya riga shi fitowa. Da na je gida hutu, Inna ta dube ni ta ce, "Kai kuwa ciwo ka yi ka ɓoye mana?"

Kuskurena a fili yake: wanda nake kwaikwayo ya shekara goma yana tara tsoka kafin ya fara sassaƙa ta. Ni kuwa na ɗauki gizago na hau icen da bai yi kauri ba.

To yaya mutum zai san inda ya dosa? Ka manta da madubi, yana ƙarya, musamman bayan an gama atisaye jiki ya kumbura. Ka ari tef wajen tela, ka auna cikinka daidai cibiya da safe kafin ka ci komai, ba tare da ka shanye cikin ba. Sannan ka auna tsawonka. Idan kewayen cikin ya haura rabin tsawonka, misali tsawo santimita 172 ciki kuma ya wuce 86, to sassaƙawa ce a gabanka. Idan cikin yana ƙasa da haka sosai, wando na zamewa, ana ƙirga haƙarƙarinka, to ka ci abinci, ɗan'uwa. A ganina yawancin waɗanda ke yi mini tambayar nan a rukuni na biyu suke. Ɗalibin da ke wuni a kan garau-garau faranti ɗaya ya daɗe yana kotin, bai dai sani ba ne.

Akwai rukuni na uku, kuma su ne suka fi rikicewa: hannu siriri, ƙirji a shafe, ga ɗan tumbi. Idan kai ne, kuma ba ka kai shekara guda kana ɗaga ƙarfe ba, kada ka zaɓi ko ɗaya. Ci gwargwadon yadda ka saba, ƙara furotin, riƙe atisaye sau uku a mako. Jikin sabon shiga yana iya gina tsoka ya kuma rage kitse a lokaci guda, gatan da tsofaffin hannu suka riga suka cinye. Wata shida haka, sai ka sake awo.

Yanzu ga lissafin, tunda 'yan fasaha ne mu. Giram ɗaya na furotin yana ba da kalori 4, na sitaci ma 4, na mai kuwa 9. Mai tarawa ƙarin kalori 250 zuwa 500 a rana yake buƙata a kan abin da ya saba. Wannan ba wani abu mai yawa ba ne: giram 100 na gyaɗa kaɗai ya haura kalori 550. Wato ƙullin gyaɗa da kofin fura da nono sun biya. Mai sassaƙawa kuma ya rage 300 zuwa 500. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori wajen 7,700, don haka ragin 500 a kullum zai zubar da kusan rabin kilo a mako. Idan kana zubar da fiye da kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinka a mako, ka sani tsoka ma tana bin sahu.

Abin da ba ya canzawa a duka hanyoyin biyu shi ne furotin. Ana so mai ɗaga ƙarfe ya samu wajen giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, mai sassaƙawa ma ya ɗan ɗara haka, har zuwa 2.2. Mai kilo 60 ke nan yana neman giram 96. A nan ne mutane ke karaya, suna zaton sai da robar garin furotin ta kanti. Bari mu haɗa da abin da ke bakin get. Ƙwai biyu wajen mai shayi, giram 12. Wake giram 100 kafin a dafa, wajen 23. Ƙuli-ƙuli giram 50, wajen 20, domin gyaɗa ce da aka matse wa mai, furotin ɗin ya tattaru. Nono rabin lita, idan ba a cika masa ruwa ba, wajen 16. Hatsin da kake ci a wuni, gero ko masara ko shinkafa, idan ya kai giram 300 zai ba ka 25 ko kusa da haka. Ka tara ka gani, 96 cif, ba ka ko taɓa nama ba. Ga awara kuma, wadda ake yi da waken suya mai furotin sama da kashi ɗaya cikin uku. Kuma haɗa wake da hatsi da iyayenmu ke yi ba banza ba ne, abin da ɗaya ya rasa ɗayan yana da shi.

Ke nan bambancin tarawa da sassaƙawa a kwanon ɗalibi bai wuce malmalar tuwo da mai da sukari ba. Cokalin cin abinci ɗaya na mai kalori 120 ne, ka tuna nawa mai garau-garau ke zuba maka in ka ce "a ƙara". Mai sassaƙawa ya ce a rage mai, ya bar lemon kwalba, ya cika ciki da kwaɗon zogale da kabeji. Mai tarawa ya ƙara malmala ɗaya da fura kafin barci. Shi ke nan.

Bayan wahalar da na sha sai na faɗa ɗaya ramin. Na ce tunda tarawa ce, komai ya samu shiga: indomi biyu da dare, fanke, lemo, ƙosai. Wata huɗu na ƙara kilo 9, ina ta murna. Tef ɗin tela ne ya kunyata ni, damtse ya ƙaru da santimita ɗaya, ciki da takwas. Jiki yana da iyakar tsokar da zai iya ginawa. Sabon shiga ma da ke yin komai daidai, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a wata ne. Duk abin da ya hau kai teɓa ce. Wanda ya taɓa zuwa kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa ya san bambancin ragon da aka turke ana dura masa dusa da san huɗa. Dukansu suna da nauyi, ɗaya ne kawai zai ja garma.

Sai maganar da ta fi damuna. Akwai masu sayen ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe don su yi saurin cika riga. Da yawansu dexamethasone ne ko cyproheptadine. Na farkon maganin kumburi ne mai ƙarfi, yana tara ruwa a jiki, ya kumbura fuska, ya hau da sukari da hawan jini, kuma abin dariyar shi ne cinye tsoka yake yi. Na biyun maganin ƙaiƙayi da mura ne da ke buɗe ciki ya sa barci, sai ka wuni kana gyangyaɗi a lakca. Wanda ya daɗe yana shan dexamethasone kada ya yanke rana ɗaya, akwai haɗari a hakan. Ya je asibiti a rage masa sannu a hankali. 'Yan'uwa mata, wannan ya shafe ku, na san ana tallata muku su. Haka kuma mace mai rage abinci, idan al'adarta ta fara tsallake wata, jiki ne ke cewa ragin ya yi yawa.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. 'Yan kokawa da 'yan dambe na ƙasar Hausa da kaka suke fitowa, lokacin da rumbu ya cika. Mu ma mu duba kalandarmu. Kada ka fara sassaƙawa ana saura mako biyu jarrabawa, ƙwaƙwalwa abinci take ci. Kada ka fara ta a tsakiyar zafin Afrilu da Mayu na ƙasar Daura. Tarawa kuma ta fi sauƙi da sanyi da lokacin hutu, sa'ad da hatsi ya yi araha kuma tukunyar gida na kusa. Da azumi ni ba na yin ko ɗaya: ina rage yawan atisaye, in ɗaga ƙarfe bayan buɗa baki, in tabbatar akwai ƙwai ko wake a sahur, burina kawai in fita da abin da na shiga da shi. Mai ciwon sukari ko gyambon ciki ko sikila kuwa, ya fara ganin likita kafin ya taɓa abincinsa.

Duk wadda ka zaɓa, ka ba ta mako takwas zuwa goma sha biyu, kana hawa sikeli ɗaya sau biyu a mako da safe, kana rubutawa a bayan littafinka tare da awon ciki da nauyin ƙarfen da ka ɗaga. Idan kana tarawa ciki ya fi ƙarfe saurin ƙaruwa, rage malmala. Idan kana sassaƙawa ƙarfe ya fara gagararka, mayar da ita. Ni yanzu kilo 66 nake, ciki 79, kuma zan ci gaba da tarawa har ƙarshen zangon nan. Tef ɗina yana rataye a ƙusar bayan ƙofar ɗakinmu ga mai son aro, amma a dawo da shi, wannan ne na uku.