Yadda Ake Jera Kaya a Firij Inda Wuta Ba Ta Zama

A Makoda, daga Koguna har ƙauyukan da ke kan hanyar Dambatta, kowa ya san halin wutar NEPA, ko KEDCO kamar yadda ake kiranta yanzu. Don haka uwargida mai firij da lissafin awannin da babu wuta take jera kayanta.

Daga firiza ake farawa. Duk gurbin da ya rage a cike shi da ledojin fiya-wata ko gorunan roba, a rage wa gora ɗan ruwa saboda ƙanƙara kumbura take yi. Firiza cikakkiya, muddin ba a buɗe ta ba, tana riƙe sanyi kusan awa 48 bayan an ɗauke wuta. Wadda ke rabi, kusan 24. Ɓangaren firij da ba firiza ba kuwa awa 4 kacal yake iyawa, kuma a zafin bazara bai kamata a jira su cika ba. Da an ɗauke wuta, sai a ciro gora biyu masu ƙanƙara a ɗora a hawan sama na firij, tunda sanyi ƙasa yake gangarowa.

Naman da aka sayo ranar kasuwar Dambatta, ko na layya, a kasa shi daidai girki ɗaya ɗaya, a baje a leda ya yi faɗi don ya daskare da wuri. Cusa cinya guda a firiza a irin wannan wuta ganganci ne. Gara a soya rabi tun ranar. Wanda za a dafa gobe, da ɗanyen kifi, a sa su a roba mai murfi a hawan ƙasa, inda jininsu ba zai ɗiga kan abin da za a ci ba tare da an sake dafawa ba.

Miya da sauran abinci a hawan sama. A juye su a kwano marar zurfi su huce, su shiga kafin awa 2. Tukunya mai zafi ɗumama maƙwabtanta take yi.

Nono, kindirmo, fura da kunun aya can ciki za a tura su, jikin bango. Ƙofa ta fi ko'ina ɗumi, ruwa da lemo kaɗai suka dace da ita. Kunun aya ma, in har wuta ba ta da tabbas, a yi na yini ɗaya kawai.

Alayyafo, salak da zogale a durowar ƙasa, ba a jiƙe ba, a naɗe da tsumma mai tsabta. A nisanta su da mangwaro da nunannen tumatir, domin iskar da waɗannan ke fitarwa tana sa ganye ya yi rawaya. Albasa, doya, dankalin Hausa da kabewar da ba a yanka ba, ba su da wuri a firij sam. Inuwa da iska suke so.

Tumatir, tattasai da yalo kuwa akwai inda ya fi musu. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Dutse ta Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya har ya samu kyautar Rolex a 2000: ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a baki. Ruwan na bushewa yana janye zafi, shi ya sa ta fi aiki da rani. Ana ƙara mata ruwa safe da yamma.

Yara su ne manyan ɓarayin sanyi. A zuba musu ruwan sha a randa ko kula, ƙofar firij ta huta.

In wuta ta dawo, a dakata 'yan mintoci ta daidaita kafin a kunna firij. Sannan a taɓa naman: mai sauran ƙanƙara a jiki ya koma firiza, wanda ya saki amma da sanyinsa a dafa shi yau, wanda ya yi ɗumi a zubar ko da bai yi wari ba.