Littattafan Doctor Who a Gida: Shawarwari Tara ga Iyaye

A ranar 23 ga Nuwamba 1963 tashar talabijin ta BBC ta fara nuna wani shiri mai dogon zango mai suna Doctor Who. Labari ne na wani baƙon halitta mai siffar mutane, ana ce masa Dakta, yana yawo tsakanin taurari da zamunna a cikin jirginsa TARDIS. Daga waje jirgin shuɗiyar rumfar wayar 'yan sandan Birtaniya ce, amma in aka shiga sai a tarar cikinsa ya fi wajensa girma nesa ba kusa ba. An dakatar da shirin a 1989, ya dawo a 2005. A tsawon waɗannan shekaru an rubuta ɗaruruwan littattafai a kansa da Turanci, kuma suna daga cikin abin da ya fi saurin janye yaro daga kallo zuwa karatu. Sai dai suna ɗaya ne a bangonsu, amma ba mutum ɗaya aka rubuta wa su ba. Akwai na ɗan shekara tara, akwai wanda bai kamata ɗan shekara tara ya buɗe ba. Ga abin da ya kamata mai gida da uwar gida su sani.

1. Ku dubi sunan kamfanin ɗab'i da shekara kafin hoton bango.

Wannan ita ce uwar shawarwarin, domin duk sauran a kanta suke tsaye. Littattafan sun kasu gida huɗu manya. Na farko su ne na kamfanin Target, da suka fara fita a 1973 suka ci gaba har farkon shekarun 1990; sun haura 150, kuma kusan dukkansu labaran da aka nuna a talabijin ne aka mayar rubutu domin yara. Na biyu su ne na kamfanin Virgin, daga 1991 zuwa 1997, sababbin labarai ne da aka rubuta wa manya a lokacin da shirin ba ya kan allo. Na uku su ne waɗanda BBC Books ta buga daga 1997 zuwa 2005, su ma na manya ne. Na huɗu su ne na bayan dawowar shirin, daga 2005 zuwa yau, yawancinsu ƙanana masu kaurin bango, an yi su ne domin yara manya da matasa. Buɗe shafi na biyu ko na uku, inda ake rubuta kamfani da shekara da ƙananan baƙaƙe. Minti ɗaya ya isa, kuma wannan mintin ya fi duk abin da mai sayarwa zai faɗa muku amfani.

2. Ku fara wa yaro da na Target, musamman rubutun Terrance Dicks.

Dicks ya yi shekaru yana editan labaran shirin, sannan ya rubuta fiye da 60 daga cikin littattafan Target. Ya rasu a 2019, kuma a lokacin rasuwarsa marubuta da dama a Birtaniya sun fito sun ce a hannunsa suka koyi son karatu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Littattafansa gajeru ne, da yawansu ba su wuce shafi 130 ba. Jumlolinsa a miƙe suke, ba ya kewaye-kewaye, kuma kusan kowane babi yana ƙarewa ne Dakta na cikin tsaka mai wuya, ta yadda yaro ba zai iya ajiye littafin ba sai ya ga yadda aka kuɓuta. Ga yaron da Turanci ba harshen gidansu ba ne, wannan babbar dama ce: kalmomin ba su fi ƙarfinsa ba, labarin kuma yana jan shi ya haye waɗanda bai sani ba. A ganina, Doctor Who and the Auton Invasion, wanda ya fito a 1974, shi ne mafarin da ya fi dacewa.

In yaron ya fara ƙarfi, ku nemo masa na Malcolm Hulke. Shi ya fi Dicks zurfi. A Doctor Who and the Cave-Monsters, wasu halittu ne da suka mallaki duniya tun kafin mutane suka farka daga dogon barci suka tarar an gaje musu wuri, kuma Hulke yana shiga zukatansu ya nuna yadda su ma suke ganin hakkinsu ne. A Doctor Who and the Green Death kuma, wani kamfani ne ke zubar da guba a tsohon ramin haƙar kwal a yankin Wales. Irin waɗannan su ne ke sa yaro ya ɗago kai ya yi tambaya. Amma ku lura da na Ian Marter: rubutunsa ya fi na sauran jini da tashin hankali, har da ɗan zagi a wani wurin, don haka a bar shi ga wanda ya ɗan tasa.

3. Na Virgin da na BBC kafin 2005, ku ɗaga su can sama.

Jerin Virgin da ake kira New Adventures, littattafai 61, an rubuta shi ne ga waɗanda suka kalli shirin suna yara suka girma. Marubutan sun saki jiki. Akwai batsa a wasu, akwai ashar, akwai kisa da aka siffanta filla-filla. Damaged Goods na Russell T Davies, wanda ya fito a 1996, a kan miyagun ƙwayoyi aka gina shi a wata unguwar talakawa, kuma wannan Davies ɗin shi ne ya dawo da shirin a 2005 a matsayin abin kallon iyali. Don haka sunan marubuci ma ba ya isa shaida. Ba wai littattafan ba su da daraja ba. Human Nature na Paul Cornell, na 1995, inda Dakta ya mayar da kansa mutum ya zama malamin makaranta a Ingila dab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya yi kyau har aka mayar da shi talabijin a 2007. Amma uba ko uwa su fara karantawa, sannan su yanke wa zai taɓa.

4. Ba sai an bi su a jere ba.

Lambar da ke jikin na Target ba ta bin tsarin yadda aka nuna labaran, kuma kusan kowane littafi yana tsaye da ƙafarsa. Wanda ya zo hannu a fara da shi. Kada kuma yaro ya damu in ya ga littafi ya saɓa wa abin da ya kalla. Tun littafin farko, wanda David Whitaker ya rubuta a 1964, kafin na Target su fara fita, a kan maƙiyan Dakta da ake kira Daleks, marubucin ya sauya mafarin labarin gaba ɗaya, ya sa shi a bakin ɗaya daga cikin abokan tafiyar.

5. Ku nemi labaran da faifansu ya ɓace.

A nan ne littattafan suka fi kowane abu amfani. A shekarun 1960 da 1970 BBC tana goge faifan tsofaffin shirye-shirye domin a sake ɗaukar wasu a kai, tana kuma zubar da kwafin fim. Babu wanda ya zaci za a sake neman su. Sakamakon haka, kashi (wato fitowa) fiye da 90 na shekarun farko na Doctor Who babu su har yanzu. Labarin Marco Polo na 1964, mai kashi bakwai, ko ɗaya bai rage ba. Amma John Lucarotti, wanda ya rubuta wasan, ya mayar da shi littafi, kuma a nan mai karatu zai bi ayarin har fadar Kublai Khan.

Mu ma labarin ya ratso ta ƙofarmu. BBC tana sayar wa tashoshin ƙasashe da dama kwafin shirin, har da Najeriya. A watan Oktoba 2013 aka sanar cewa wani mai binciken tsofaffin fina-finai, Philip Morris, ya gano kashi tara da aka fid da rai da su a ma'ajiyar wata tashar talabijin a Jos: biyar na The Enemy of the World, huɗu na The Web of Fear. Kafin wannan rana, shekaru da yawa, littafi ne babbar hanyar sanin waɗannan labarai biyu. Ku samo wa yara Doctor Who and the Web of Fear na Dicks, inda wasu dodannin ƙarfe masu gashi suka mamaye hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Landan, ku gaya musu cewa fim ɗinsa a Jos ya kwana shekara da shekaru. Kashi na uku na labarin bai dawo ba, don haka littafin ne ke cike wannan giɓi.

6. Labaran tarihi, ku karanta tare da su.

Wasu labaran farko ba su da dodanni, tarihi ne zalla: Rumawa, mutanen Aztek na Meziko, juyin juya halin Faransa. Wanda ya fi shafar gidan Musulmi shi ne Doctor Who and the Crusaders na Whitaker, inda Dakta ya sauka a Falasɗinu a zamanin yaƙin Salahuddin da Sarki Richard na Ingila. Marubucin ya ba Salahuddin mutunci da dattako, kuma bai ɓoye fushi da taurin kan Richard ba. Duk da haka Bature ne na shekarun 1960 ya rubuta, kuma mugun labarin wani sarkin yaƙi ne Balarabe da aka zana shi da irin zanen da Turawan lokacin suka saba yi wa mutanen Gabas. Ba na goyon bayan a ɓoye littafin. Na fi son a zauna da yaro a tambaye shi: wa ke ba da labarin nan, me ya gani daidai, me ya ƙara gishiri? Daga nan a kawo masa tarihin Salahuddin daga wajen malamansa ya gwada.

7. Ku shirya amsar tambayar sauya jiki.

Ko ba daɗe ko ba jima yaro zai tambaya: ya aka yi Dakta ke mutuwa ya tashi da wata fuska? Amsar gaskiya mai sauƙi ce. A 1966 William Hartnell, wanda ya fara fitowa a matsayin Dakta, rashin lafiya ya ci ƙarfinsa, masu shirin kuma ba sa son rufe shi. Sai suka ƙirƙiro cewa jinsin Dakta na iya sabunta jiki, suka ɗauko Patrick Troughton. Dabara ce ta sauya ɗan wasa, ba aƙida ba ce. Da ita aka kai ga Jodie Whittaker, mace ta farko da ta riƙe shirin, a 2017, da Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda da ya tashi a Sikotland, a 2023. Ku faɗa wa yaro haka ƙarara, ku bambance masa ƙagaggen labari da abin da addini ya koyar game da rai da mutuwa. Haka nan ku sani cewa littattafan baya-bayan nan suna ɗauke da ɗabi'un Birtaniya ta yau a kan soyayya da zaman aure, don haka su ma a leƙa su kafin a miƙa.

8. Ku saya domin karatu, kuma ku adana da kyau.

Akwai masu tara waɗannan littattafai a Turai da Amurka, kuma wasu da ba a buga da yawa ba, kamar Lungbarrow na Marc Platt na 1997, suna tsada ƙwarai a kasuwar na hannu. Wannan ba hanyar mai iyali ba ce. BBC Books ta sake buga wasu tsofaffin na Target, kuma daga 2018 ta farfaɗo da sunan da sababbi irin su Rose da The Day of the Doctor. Akwai su a takarda, akwai na karantawa a waya. In kuɗin aikowa daga waje ya yi nauyi, gidaje biyu ko uku su haɗa hannu, kowa ya sayi nasa daban a riƙa musanya.

Tsofaffin na Target da takarda mai arha aka yi su. Tana yin ja, manninta yana bushewa, shafuka su fara zubewa in aka lanƙwasa littafin baya. Ku hana yara lanƙwasawa, ku naɗe bangon da leda, ku ajiye su a kan kanta nesa da ƙasa da bango saboda gara da danshin damina, kada kuma a bar su a taga rana ta gasa su.

9. A karanta a bayyane, sannan a mayar da Hausa.

Babi ɗaya bayan sallar isha'i ya isa, babba ya karanta ƙanana su saurara. BBC ta fitar da da yawa daga cikin na Target a matsayin littattafan sauraro, wasu da muryar 'yan wasan kansu irin su Tom Baker. Yaro ya riƙe littafin yana bin muryar da ido, lafazinsa zai gyaru ba tare da ya ji ana koya masa ba. Bayan an gama babi, sai a ce ya ba kakarsa ko ƙannensa labarin da Hausa. A nan za ku gane ko ya fahimta ko wucewa kawai ya yi, kuma a nan zai fara neman yadda zai faɗi tafiya zuwa jiya ko jirgin da cikinsa ya fi wajensa da harshen gidansu. Ku haɗa masa da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, domin ya san cewa tun lokacin da ake nuna Doctor Who a baƙi da fari akwai marubucin da ya kai yaro sararin samaniya da Hausa. In kun ga ya fara ƙaga nasa labarin, ku saya masa littafin rubutu da biro, ku kuma zauna ku saurari abin da ya rubuta har ƙarshe.