Darasi na 9: Bayan An Cire Mama, Sai Me?

Lokaci: minti 30, bayan an gama zubi.

Manufa: mambobi su san zaɓin da ke gaban macen da aka cire wa mama saboda sankara, da abin da ke biyo bayan dashen maman roba.

Jagora ta karanta a hankali:

'Yan'uwa, idan gwaji ya tabbatar sankara ce, wani lokaci sai likita ya cire maman gaba ɗaya don a ceci rai. Bayan nan mace takan shiga damuwa: kunyar miji, gorin kishiya, surutun unguwa. Sai ta ce, shin ba a mayar da shi? To, hanya uku ce:

1. Ta cusa ɗan matashin auduga ko na roba cikin rigar mama. Babu tiyata, kuma ko tela zai iya ɗinka na auduga.
2. A gina mata wani da naman jikinta, daga ciki ko daga baya. Doguwar tiyata ce.
3. A dasa mata jaka mai silikon ko ruwan gishiri a ƙarƙashin fata ko tsokar ƙirji.

Mata da yawa sun ji daɗin hanya ta uku, sutura ta zauna musu, hankali ya kwanta. Amma kafin a amsa, a san waɗannan:

Ba na har abada ba ne. Gwargwadon daɗewarsa a jiki, gwargwadon yiwuwar a sake tiyata don canzawa ko cirewa.

Yakan yi tauri. Jiki yana kewaye shi da wata yana. Idan yanar ta tsuke, sai maman ya ƙandare, ya karkace, ya riƙa zafi. Wadda aka yi wa gashin sankara ta fi fuskantar wannan.

Yakan fashe. Na ruwan gishiri sacewa yake yi, ki ga ƙirji ya lotsa. Na silikon kuwa yana iya tsagewa shiru, sai hoton asibiti ya nuna.

Yakan ɗauki ƙwayoyin cuta, har ta kai a cire shi.

Wani nau'i mai kaushin baya yana da alaƙa da wata sankara dabam, ko da yake ba kasafai ba. A 2019 kamfanin Allergan ya janye irinsa daga kasuwannin duniya bisa buƙatar hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka.

Ba ya ba da ruwan nono, kuma fatar wurin ba ta ji kamar da.

A kula: dashe gyaran siffa ne, ba maganin sankara ba. Wadda ta kashe kuɗin allurai da gashi a kansa ta sayi riga ta bar jiki. Magani shi ne farko. Gyara ana iya yin sa ko bayan shekaru.

Mu da ke Unguwar Ya, a fara da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Daga nan ana iya tura mace Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya. Mai dashe za ta riƙa komawa duba lokaci lokaci, don haka a lissafa kuɗin mota da masauki tun yanzu.

Matambayi ba ya ɓata. Ki tambayi likita: Za a yi mini gashi? Wane iri za a dasa, kuma za a ba ni takardar sunansa? In ya samu matsala, ina zan je, nawa zan biya?

A koma asibiti ba jira idan an ga kumburi, ja, zazzaɓi, ruwa, tauri ko sabon ƙullutu.

Mu tattauna:

a. Asusun taimakonmu zai iya ɗaukar kuɗin motar mamba zuwa Kano? Sau nawa?
b. Wa zai raka ta, wa zai riƙe mata yara da sana'a?
c. Za mu ɗaga mata biyan bashi yayin jinya? Sakatariya ta rubuta abin da aka yanke.

Abin kaiwa gida: jikinta ne, ita ke zaɓa bayan ta ji bayani. Sirrinta kuma amana ce a wuyanmu. Abin da aka faɗa a tabarmar nan, a nan zai tsaya.